Sakamakon Jinin Iya Hansai

A barandar wani asibiti a Malumfashi, daminar 1982, benci ɗaya ya haɗa Hansai, dattijuwa daga Tsiga, da Afusat, mai tireda haihuwar Funtuwa.

"Sannu Iya. Jiki ne?"

"Ciwon dajin nono, 'yar nan. An yanke tun bara. Sakamakon jini nake bi."

"Jini kuma?"

"Masu bincike suka ɗiba. Wai a ɓeraye ƙwayar cuta ke kawo ciwon, uwa ta ba 'ya'yanta a nono. In ta taɓa shiga mutum, jini kan ajiye shaidar faɗan da suka yi. Ita suke nema."

"To ke ɓera ce?"

"Haka na tambaya. Suka ce a mutane ba su sani ba tukuna. Amma ɗana na wurin, ya kai labari gida. Tun ranar aka ware mini kwano da buta. Jikokina daga bakin ƙofa suke gaishe ni."

"Haba, wannan ai jahilci ne! In sakamakon ya ce babu fa?"

"Sai mu koma cin tuwo tare."

"In ya ce akwai?"

Hansai ta dube ta.

"Na ga kin matsa can gefe, 'yar nan."

"Inuwa nake bi, Iya."

"Bi abinki. Kowa ma ita yake bi."