Farantin da Ke Sa Salahuddin Kira

A wajen mai shayi a Kasuwar Umdurman, wani dattijo maƙeri ya ɗora farantin ƙarfe mai zobba a cinyarsa. Wata mata da ke jiran raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta leƙa.

"Baba, na sayarwa ne?"

"A'a, 'yata. Rana ce a tsakiya, waɗannan duniyoyi ne. Ana cewa jan su take yi, ni na ce ba ja ba ne. Igiya take turowa irin igiyar ruwan kogin Nilu, kowace duniya ta faɗa kwarin da ke tsakanin igiya biyu, tana ta zagayawa."

"Ni kimiyya nake koyarwa a Bahri. Ka yi haƙuri, Baba, lissafin ba zai fita ba. Hanyarsu ma ba da'ira ba ce cif."

"Haka ɗana Salahuddin ke cewa, kuma ya fi ki zafi. Tun da yaƙi ya kai shi Masar, in na tambayi lafiyarsa sai ya ce alhamdulillahi ya kashe waya. Amma in na aika masa hoton farantin nan, sai ya kira ya yi ta faɗa har shayina ya huce."

"In ya kawo hujjar da ba ka da amsarta fa?"

"Ya sha kawowa, ban sauka ba, kuma ba zan sauka ba."

Ya matse zobe ɗaya da yatsa.

"Kika ce ba da'ira ba ce? Nuna mini yadda take. Yau Juma'a, Salahuddin ba ya aiki, sai in aika masa sabon hoto."