Damin Ciyawar Mai Gidan Kwano

A tashar mota ta Kafanchan, shekarar da aka raba wa ma'aikata sababbin gidaje, wani mai kwat ya sauko daga motar Fadan Kaje da damin ciyawa. Wata mai jiran mota da buhun citta ta dube shi.

"Malam, na akuya ne, ko kai za ka ci?"

"Na jinka ne, Mama. Ni a sabon kwatas nake. Bulo da kwano, tagogi duk gilashi."

"Sannu da arziki! Can da aka sare ɗorawa aka dasa fulawa? An ce ba ku hura wuta da rana, a falo doya take gasuwa."

"Sharrin mutane ne. Injiniya daga Ikko ya zana shi."

"Ya kyauta. Da damina fa, in ruwa ya sauka kan kwano, kuna jin addu'ar juna?"

"Mukan ɗaga murya. Ubangiji yana ji."

"To, ciyawar ta mece ce?"

"Ɗan ɗakin ƙasa nake ginawa a baya. Na baƙi."

"Wane baƙo?"

"Likita ne ya ce in riƙa samun barci. Ke da kike ta zagi, kin taɓa shiga?"

"Ina fa! Maigidana ya yi ta sintiri a ofis neman gida a can har takalminsa ya huje, aka hana mu."

"Ashe!"

"Ashe ɗin. In ka tare a ɗakin baƙin, Malam, ka tuna da mu. Ka ba mu aron tanderun."