Jijiyar Aro

Ina zaune a ƙarshen benci a ɗakin jiran likitan hannu, sai wani mutum ya fito yana huci. Dattijuwar da ke kusa da ni ta tare shi.

"Kai ɗan nan, lafiya kake buga ƙofa haka?"

"Ina fa lafiya, Inna! Gilashi ya yanke ni a wuyan hannu, babban yatsana ya daina motsi. Wai sai sun ciro jijiya daga yatsan zobe sun ɗaura masa. Mai lafiyar ma su lalata shi! Ni tela ne, yaushe zan yanka sabuwar riga in yi wa tsumma faci?"

"To yanzu da me kake riƙe almakashi?"

"Ina ruwanki? Ƙanena ke kan kekena. Masu kawo ɗinki gaishe ni kawai suke yi su wuce, sai ka ce maigadi. Amma tiyata kam ba da ni ba, gida zan tafi."

"Tsoro ne ke cin ka."

"Ke me kika sani a kai?"

Ta miƙa hannu ta mintsine shi a dantse, har da murɗawa.

"Wayyo! Inna, kin kusa cire mini nama!"

"Yatsan nan, bara ko allura ba ya iya ɗauka. Jijiyar aro ce a ciki. In ƙara maka?"

Ya tsaya yana murza wurin, idonsa a kan tabon hannunta.

"Mtsw. Matsa mini in zauna. Da zafi sosai?"