Mai Faso a Tashar Birnin Gwari

A bakin tashar Birnin Gwari, Shafi'u ya tsuguna gaban wata tsohuwa 'yar ƙauyen Kazage mai tallar man kaɗe, da ƙullin gero da kanwa a hannu, yana ta sosa ƙeya.

"Inna, man nan yana maganin tsagewa?"

"Tsagewar me?"

"Faso ne. Ƙafata."

"Miƙo ƙafar in gani. Kai! Wannan dunduniya sumul kamar ƙwai? Ɗana, mai faso ba ya yawo da gero da kanwa. Kunun mai jego za a dama. Nonon ne ya tsage?"

"Wai haka na ji matan gidanmu suna faɗa."

"Wai! Matarka ce?"

"Tana dai gidan."

"Ɗan fari ke nan, shi ya sa kunya ta ɗaure maka baki. To, saurara. In jaririn ya ƙoshi, ta ɗan tatso ruwan nonon ta shafa a wurin, ya sha iska, sannan ta bi da man nan. Kafin ta sake ba shi, ta goge. Ya riƙa cika baki da nonon, kada ya tsotsi kan kaɗai. In zazzaɓi ya shigo, sai asibiti, ba wurina ba."

"Har hawaye take yi in ya kama, Inna. Shi kuwa ba ya saki."

"Acici ne. Wa ya biyo?"

"Ni ne sak! Har hancin! Da kin ga yadda yake..."

Ya yi wuf ya kama bakinsa. Tsohuwa ta kwashe da dariya har da buga cinya.

"Allah ya raya. Je ka, mai faso, a gai da ƙafar."