Addu'ar da na yi wa masaƙar safa

Tumaki biyu Inna ta sayar ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane, ranar da zan bi kakanku Amurka karatu. Shi ke karatun, ni shara nake yi a ofisoshi. Sunan garin da muka zauna ma sai da na shekara ina cewa Garin-Saboro, Loreta na dariya.

Loreta maƙwabciyarmu ce, baƙar fatar can, tana aiki a wata ƙaramar masaƙar safa wajen McLeansville. Ita ta kai ni asibiti ranar haihuwar uwarku. A kwalayen cefanenta na fara haɗa baƙin boko.

Wata rana kakanku ya shigo da fara'a. Wai ya shiga harkar hannun jari, irin na kwabo-kwabon nan da dillalai ke cinikinsu ta waya. "Binta, ki sa mu a addu'a farashi ya faɗi."

Kowace mai cefane tana son farashi ya faɗi. Na duƙufa, kowace salla.

Ya kuwa faɗi. Muka yanka rago, na kai wa Loreta cinya guda. Na same ta zaune da rana tsaka, an rufe masaƙarsu. A kan teburinta na ga takardar sallama, na haɗa sunan kamfanin da kyar. Sunan da kakanku ke ta faɗa a waya ne.

Da na koma gida na tare kakanku. "Malam, me ka saya?"

"Ban saya ba, sayarwa na yi. Aron hannun jarin dillali ya ba ni na sayar, da farashin ya karye na saya da araha na mayar. Shot selin ake ce masa."

"Ka sayar da abin da ba naka ba?"

"Doka ta yarda. Na tambaya."

"Wa ka tambaya, liman ko dillalin?"

Ya ce ba shi ya rufe masaƙar ba, da ma ta mutu. Wataƙila gaskiyarsa. Amma ni na san abin da na roƙa, goshina a ƙasa. Naman nan ban ci ba.

Ranar da za mu dawo gida, Loreta ce ta kai mu filin jirgi. Ta riƙe hannuwana biyu. "Binta, ke da kike salla sau biyar, Allah na jin ki. Ki riƙa sa ni a ciki."

Na ce to. Ban iya ɗaga kai ba.

Shi ya sa, Zainabu, in kin ce in yi miki addu'a nake tambayar ki a kan me.