A Bar wa Gidanmu Mai Nawan

Shugaban taro, manyan baƙi na kujerun gaba, injiniyoyi maza da mata, yayana mai riƙe mini makirufo, da ku na can baya, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba ni dama. Ku yi haƙuri da ni. Ni ban yi makaranta ba. Caja na kawo wa maigidana, ga shi can ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Ina bakin ƙofa na ji ana cewa yau za ku ɗaga hannu ku zaɓi kayan da ke haɗa muku aiki, ko tsohon mai nawa ko sabon mai sauri. Sai na shigo na ɗaga hannu.

Na farko, ba na raina aikinku. Baban yaro ya yi mini bayani. Ya ce yarenku na kwamfuta mai amana ne, abin da aka sa wa suna ba ya canzawa, tambayar jiya da ta yau amsarsu ɗaya. Ya ce amma rubutun ba ya zama manhaja sai an haɗa shi, kamar yadda tela ke haɗa yankakken yadi. Na ce to madalla.

Na biyu, tsohon. In ya danna shi, kwamfuta sai ta ɗauki zafi, fankarta ta kama huci, fuuuu, shi kuma ya juyo ya ce, "Miƙo shi, akwai jira." Ya rungumi yaron nan da kuke gani goye a bayana a gefen tebur, fanka na huci, yaro ya yi barci. Ni kuma in yi wanka, in ci abinci a zaune kamar mutum. Jama'a, yaron nan ba ya jin waƙa, ba ya jin jijjiga, ba ya jin goyo. Mun gwada fankar ɗaki, mun gwada injin markaɗen maƙwabciya. Kakarsa ta yi masa fuuuu da baki har jiri ya ɗebe ta. Fankar kwamfuta kaɗai yake ji, ita ma sai tana shan wahala.

Na uku, sabon. Tun da ofis suka ba shi ya gwada, kafin in kwance zani ya ce, "Ya gama." Wai yana tuna abin da ya haɗa jiya, ba ya maimaitawa. Kwamfuta shiru, yaro ido biyu, uba bai tashi daga kujera ba. Shekaranjiya na farka a tsaye gaban risho, ruwa na tafasa, yaro a hannuna. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Abin da ya ɗaga mini hannu ke nan yau.

Na ji mai gilashin can ya ce kowane aiki da kayansa, mai aiki shi kaɗai da nasa, masu aiki a taro da nasu. Gaskiya ne, yallaɓai. To mai aiki a ɗaki ɗaya da jariri fa, ina nasa? Ban ce a hana kowa sauri ba, masu sauri Allah ya ƙara musu. A bar wa gidanmu mai nawan. In ba zai yiwu ba, ku yi wa sabon wani maɓalli na mantuwa, ya riƙa somawa daga farko. Ku da kuka koya masa tunawa, mantuwa ce za ta gagare ku?

Na huɗu... tsaya. Yayana, leƙa mini bayana. Ya yi barci? Wallahi ya yi? Shugaba, kwamfutarka ce ke wannan hucin? Don Allah kada ka rufe ta. Ko me take haɗawa, bar ta ta haɗa. Zan ja kujera in zauna kusa da kai har a tashi.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya raya muku naku, ya mai da kowa gida lafiya. Wanda zai ce amin ya ce a zuci. Tafin ma na yafe.

Na gode.