Ba Dara Ladi Take Yi Ba

Shugaban taro, wakilin suparefe mai mulkin gunduma, hakimai da malamai, manoman albasa na Ƙonni da Dogarawa, iyayena da 'yan'uwana, assalamu alaikum. Ni ne Barmo, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan ƙungiyar ga ta manoma. Na gode da anka ba ni dama, amma ku yi haƙuri, raina a ɓace yake.

Sati ukku ke nan da darakta, Mushe Attahiru, ya kori Ladi, sakatariyarmu. Laifinta? Wai ya shigo buro, wato ofis, ya iske ƙananan gidaje masu launi suna motsi bisa gilashin odinater, na'urar kwamfuta, ya ce: "Dara kike yi da kayan jama'a?" Bai tambaya ba, bai saurara ba, ya amshe makulli.

Na farko, ba dara ba ce. Diskin da ke cikin na'urar kamar rumbu yake. Kullum a zuba, kullum a ɗiba, har damen mutum guda, wato takardunsa, ya watse, rabi nan, rabi can. Abin da Ladi take yi duk wata, wanda ake kira defarag, shi ne tattara kowane dame wuri guda, don na'ura ta bar wahalar nema.

Na biyu, darakta ya ce ya ga na'urar turawan froje, masu aikin raya karkara a Tawa, ba a yi mata haka. Gaskiya ne. Waccan tsarin da ake kira Yunis take aiki da shi, mai jera kayanta tun wurin zubawa. Tamu Windo 95 ce, inda ta ga sarari nan take jefawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ranka ya daɗe!

Na ukku, jiya da idona na ga Malam Jibo, tsoho, ya taso daga Bazaga bisa amalanke neman takardar irin albasarsa. Ya zauna har azahar, ya koma hannu wofi. Na'ura na nishi, darakta na zufa, wadda ta san kanta tana gida da marayu biyu.

Ku maida wa Ladi makullinta yau, gaban jama'ar da anka kunyata ta a idonsu. Mushe Attahiru, ka miƙa mata shi da hannunka, ka zauna ta koya maka darar.

Allah ya ba mu shugabanni masu tambaya kafin hukunci, ya sa albarka a gonakinmu, ya maida kowa gida lafiya.

Na gode.